Modu da Ruwan Sabulunsa

Modu mai gyaran sanyin mota na Bulabulin ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan maƙwabcinsa Chidi, mai sayar da kayan gyara, ya bugo mini. Ciwon ciki ne na kwana biyu. Jiya bayan la'asar aka yi jana'iza. Ban samu ba.

Na ajiye wayar, na shanye shayina. Har yanzu ban ji komai a raina ba.

Shekarata saba'in da takwas. Tun da matata ta rasu ni kaɗai ne a gidan nan, 'ya'ya kowa yana garin aikinsa. Likita ya ce zafi bai dace da zuciyata ba, kun kuwa san ranar Maiduguri. Shi ya sa da iyakwandishan tsohuwar motata ya daina sanyi na shiga neman mai gyara, aka nuna mini rumfar Modu.

Ba ya ɗura gas sai ya gano inda na farko ya bi ya fita. Sai ya ɗaura geji, abin awon gas, ya duba allura, sannan ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani ya bi bututun gaɓa-gaɓa da soso, yana jiran inda kumfa za ta taso. Na ce masa wasu minti goma suke yi. Ya ce, "Baba, wa ke zuba ruwa a randar da ta tsage?"

Ranar ya zaunar da ni a benci cikin inuwa, ya aika aka kawo mini ruwan sanyi. Ya tambaye ni yadda garin nan yake muna samari, ya kuma saurara da gaske. Awa biyu ina magana. Na daɗe ban ji muryata haka ba.

Motar ta yi sanyi. Ni kuma na rasa dalilin komawa.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na lura da bawul ɗin da yake ɗura gas ta wajen. Bayan mako uku na buɗe murfin inji a gida, na danna bawul ɗin da bakin makulli, gas ya fita fuuu. Na tuƙa zuwa Bulabulin na ce sanyi ya ragu.

Sau biyar na yi haka.

Duk zuwa sai ya tarbe ni da gaisuwar yarensu ya ce, "Wushe, Baba! Amaryar taka ta sake yaji?" Ya ɗauko gwangwaninsa. Ya canja robobi. Ya taɓa ajiye motar wani mai gaggawa ya kwanta ƙarƙashin tawa, ina bisa benci ina ba shi labarin makarantar da na koyar.

A zuwa na ƙarshe, makonni biyar da suka wuce, ya bi ko'ina da sabulu har sau biyu. Ya goge hannu, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya sassauta murya don kada Chidi ya ji.

"Baba, babu kumfa ko ɗaya. Gas ɗin nan ba da kansa yake fita ba. Ga sawun makulli a bakin bawul."

Ya ci gaba:

"Gas ɗin nan yana ƙona hannu, yana makanta ido, kai kuma ga ciwon zuciya. Don Allah ka bari. Bencin nan naka ne. Ka zo da mota, ka zo a keke, ka zo ba komai."

Ya cika mini gas, ya sa hannu a bakin iskar ya ce ta yi. Na shiga mota ban yi masa sallama ba.

Ban koma ba. Ya kira sau biyu, ina kallon wayar har ta yanke. Ba fushi na yi ba. Kunya ce, wai yaron da na haifi kamarsa ya gano ni. Kullum ina cewa mako mai zuwa.

Ɗazu na tambayi Chidi ko Modu ya taɓa maganata. Ya ce, "Ya ce ya ɓata maka rai, Baba. Ya ce da ya sani da ya yi shiru ya ci gaba da ɗura maka."

Da wannan zaton ya tafi.

Anjima zan je ta'aziyya. Iyalinsa ba su san ni ba, ban san me zan ce musu ba. Amma ina so a sani, ko da shi ba zai karanta ba: Modu bai yi mini laifi ba. Gaskiya ya gaya mini, cikin ladabi. Ni ne na kasa ɗauka.

Allah Ya jiƙan Modu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya raya abin da ya bari.

Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini kiran nan biyu.