Hanyar Turiri

Haihuwata ta fari a damina ta zo. Rafi ya cika, ba a kai ni gidanmu Gwiwa wanka ba, sai na yi jegona a Kazaure hannun Inna, uwar mijina. Maigidan kuwa maginin En'e ne, lokacin yana cikin masu gyaran gidan saukar Turawa da ke kan tudu. Duk abin da ya gani can, sai ya zo ya gwada shi a kanmu.

Shi ya rufe mana makewayi da azara da ƙasa don kada ruwan sama ya dake ni. Rufin ya yi kyau. Sai dai idan Inna ta sauke tukunyar wanka ta tsoma ganyen runhu ta fara fyaɗa mini, turiri ba ya samun wajen zuwa. Ba na ganinta, ba ta ganina. Rufi ya riƙa ɗigo, sabon yaɓe yana faɗo mini a ka. Wata safiya jiri ya ɗebe ni, na zauna cikin kwatami.

Maigida ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya duba sama.

"Inna, wurin nan iska yake so. Ɗakin wankan Bature akwai wata kafa da bututu, ta nan take fita."

"Iska? Mai jego za ka buɗe wa ƙofar iska? Don me na yi ta turare tun ranar haihuwa?"

"Ba irin wannan iskar ba, Inna. Kuma fita za ta yi."

"Ƙofar da ake fita ta nan ake shiga. Baturen naka ya taɓa jego?"

Washegari ya zo da garwar kananzir da ya naɗe kamar indararo. Bango ɗaya yana kallon hanya, maza na wucewa. Ɗaya na maƙwabta ne. Saboda haka ya huda wanda ya rage, wato wanda ya haɗa da ɗakina. Ya ce ɗaki babba ne, zai shanye.

Makewayi ya washe, har na ga fuskar Inna. Turirin kuma ya koma ɗakina, daidai saman gadon da jinjirin ke kwance. Bango ya yi baƙi-baƙi, tabarma ta fara wari, zannuwa ba sa bushewa. Sai yaron ya soma tari, ɗan ƙarami, kamar na kyanwa. Ina cikin wanka ina jin sa ta cikin garwar, don bututun yana kawo sauti sosai.

Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane, balle in ce ina tsoron kada ƙirjinsa ya kama. Na shiga neman yadda zan faɗa. Da maigida ya zauna cin tuwo na durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, bangon ɗakina yana gumi."

"Damina ce."

"Daminar ta tsaya wuri ɗaya. Saman gado."

Ya ci gaba da ci. Can yaron ya yi tarin nan. Ya ajiye loma, ya shiga ya shafa bangon, ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

"Ashe bututun Baturen waje yake kallo," in ji shi.

Ya toshe kafar da ƙasa. Ya hau sama ya huda rufin makewayin, ya dasa wuyan wani fasasshen tulu, ya ɗora kasko a kan duwatsu ƙanana don ruwa kada ya shiga. Maƙwabta suka riƙa tambaya ko gasa tukwane muka fara.

Kullum kafin wanka Inna takan sa sanda ta cusa tsumma a wuyan tulun. Idan ta fita ɗebo ruwan zafi, in miƙe in zare, in zauna a kai. Ta dawo ta ɗaga kai ta ga haske, ta dube ni, ta ci gaba da fyaɗa ganye, da ɗan ƙarfi fiye da da.

Bangon ya bushe kafin arba'in, tarin ya tafi. Inna ta ce turarenta ne. Maigida ya ce tulu ne. Ni ba a tambaye ni ba, yaron ai ba nawa ba ne a gaban mutane.