Kalla, Mai Auna Ruwan da Ba Ya Rubuta Zero

Shekara goma sha ɗaya Kalla ya yi yana auna ruwan sama a ƙauyenmu, gabas da Allakaye, kuma bai taɓa rubuta zero ba. Ba rashin sani ba ne, don ya yi lakwal, makarantar boko, har aji biyar kafin mahaifinsa ya mai da shi gona.

Wani furoje ne, shirin taimakon manoma, ya kafa masa ma'aunin a bayan gida: kwalba mai zane-zane bisa sanda, da littafi, da hula mai tambari. A cikin ukun nan hular ya fi ɗauka da muhimmanci. Duk safiyar da aka kwana da ruwa sai ya kafa ta, ya je ya tsuguna gaban kwalba kamar mai duban mara lafiya, mutane na jiransa a ƙofar masallaci. "Kalla, nawa anka samu?" Ba zai amsa ba sai ya gyara murya. Mutumin da akuya biyu ce duk dukiyarsa, amma in ya ce milimeta ashirin, sai ka rantse daga rumbunsa ya ɗebo.

Ranar da ba a yi ruwa ba kuwa, sai ya bar gurbin ranar fari tas. A ganinsa, rubuta wa rahamar Allah "babu" butulci ne, kuma abin da hannu ya rubuta yana iya tabbata. Mu ma haka muke gani, gaskiya. Ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Sai daminar da muka yi shuka da ruwan fari, sama ta ɗauke kwana goma sha tara. Hatsi ya bushe tun yana tsiro. Furoje ya ce zai raba irin sake shuka ga ƙauyukan da fari ya taɓa. Da takarda ta fito, ƙauyukan da ke kewaye da mu duk suna ciki, mu ba mu. A idon odinatar, wato na'urar lissafin furoje, mu ne muka fi kowa wadata a ƙasar Buza. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ko tiya ɗaya ta iri ba ta rage mini ba.

Maigari Iro ya ɗauki Kalla a babur har biro, ofishin furoje. Can suka iske Mardiya, matar da ke zuba lambobin littattafai cikin na'ura. Ta juya musu allon, ta nuna layi-layi.

"Baba, ga yadda take aiki. Tana duba yau da gobe. In duka biyu zero ne, ta ƙidaya ɗaya. Ta matsa gaba, ta sake dubawa. Ƙauyen da ya kai goma ya shiga. Kai naka ba ta samu ko ɗaya ba."

"Kwana sha tara ba mu ga ɗigo ba, ɗiyata," in ji Kalla.

"To ina zero ɗinka?"

"Ni ba ni rubuta ma Allah babu. Wuri ni ka bar mai."

Mardiya ta dafe kai. "Baba, ita wagga ba ta san babu ba sai an rubuta mata. Kuma ni ba ni da izinin cika ma littahinka. Gobe ake ruhe takardar rabon."

Iro ya shiga lallashi. Ya kawo ayar da bai haddace daidai ba, ya kawo zumunta, ya kawo marayun da marigayi Jima ya bari a ƙauye. Har hularsa ya tuɓe. Kalla ya daɗe yana kallon alƙalamin, sannan ya yi bisimilla ya fara. Ya jera zero tun daga na farko har na sha tara. Mardiya ta danna, na'ura ta ce sha takwas, ba ta ko yi masa sannu ba.

Iri ya zo, wake da hatsi mai saurin nuna. Muka shuka, muka girbe, muka ci. A shekarar nan Kalla bai sayi goro da kuɗinsa ba.

Da damina ta zagayo sai ruwa ya yi jinkiri, kamar yadda yake yi tun zamanin kakanni. Amma wannan karon mun sami mai laifi. Aka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya cewa wanda ya rubuta babu sau sha tara da hannunsa, ai ya koya wa sama hanya. Bakin da ya ci tuwon irin nan, shi ne ya faɗa. Ni ma na ji, na yi shiru, kuma har yau ina jin kunya.

Ranar wata Laraba Iro ya yi sallama a ƙofar Kalla, ya zauna, ya tambayi iyali da akuyoyi, ya yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce, "Jama'a na ganin a ɗan hidda kwalbar nan, sai abin da Allah ya yi."

"Maigari," in ji Kalla, "kai ka roƙe ni."

Iro ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke. "Ni roƙo na yi. Hannun naka ne."