Jinin Karen Baffa

Idon mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya fara rauni tun kafin Dutse ta zama babban birnin jiha. Yana ganin haske, yana ganin duhun mutum, amma ba ya rabe fuska. 'Yan shanun da suka rage masa suna garke a bayan ƙauyenmu ta wajen Kiyawa, ƙannena ke kiwonsu. Duk da haka kullum da safe, kafin a sake su, sai ya je ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan zuwa garke shi kaɗai ya rage masa a duniya, kuma bai taɓa yarda a ja masa sanda ba. Wani farin kare ne ke kai shi. Karen yana gaba, Baffa yana bin farin da yake iya gani, in ya tsaya karen ya tsaya.

Ni lokacin ina koyarwa a Dutse, ina zaune a Yalwawa. Shekarun da aka fara maganar shari'a ne, kowa yana gyara zama, kowa yana duban ɗan'uwansa. In liman ba ya nan ni ake turawa gaba a masallacin unguwa, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

Wata Asabar da na je gida na tarar da wani likitan dabbobi yana ɗibar jinin shanu don a duba. Da ya gama sai ya hango karen kwance kusa da ƙafar Baffa, ya ga kaska a kunnuwansa.

"Baffa, a bari in ɗebi na wannan ma," in ji shi.

"Lafiyarsa ƙalau fa," Baffa ya ce.

"Ai shi ya sa. Ciwon kaska yana daɗewa a jini kafin ya fito fili. In an gan shi da wuri, ba wuya."

Ƙanena ya riƙe karen, likita ya ja jini a ƙafarsa ta gaba, ya zuba a 'yar kwalba. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, tunda kana Dutse, ka leƙo wurinmu ranar Laraba ka karɓi sakamako. Ni zan tafi kwas, amma zan bar takardar."

Baffa bai ji wannan ba, ko ya ji bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Shi a wurinsa an gama aiki. Ya saba da wanzami: a kafa ƙaho, a zuƙe mataccen jini, mutum ya tashi sakayau. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Ka ji zamani? Har kare ake yi wa ƙaho da allura. An fitar masa da mugun jini, ya sami lafiyar shekara." Na yi dariya tare da kowa, alhali na san ɗibar jini dubawa ce, ba magani ba.

Laraba ta zo. Na hau babur har ƙofar wurin, sai na hango mutum biyu daga masallacinmu zaune a benci, sun kawo rago. Sai na taka birki. In shiga in ce me? Na zo karɓar takardar kare? Ni da nake jan su salla? Na san sarai malamai ba su hana karen kiwo ba, ni kaina na sha karantar da hakan. Amma na ɗaga musu hannu, na wuce kamar dama hanya ce ta biyo da ni. Na ce sai wani satin. Wani satin ya zo, na ce ai karen lafiyarsa lau, ga shi Baffa ma hankalinsa a kwance. Haka na fake da kuskuren tsoho na rufe nawa.

Wajen wata biyu bayan nan ƙanena ya aiko cewa karen ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Na garzaya asibitin dabbobin, ranar ban tsaya duba wa ke kan benci ba. Wata ma'aikaciya ta buɗe aljihun tebur ta zaro takardar, ta kalli kwanan watan, ta kalle ni.

"Haba Malam, sai yau? An ga ciwon tun ranar. Da allura za a yi masa kawai."

Na karɓi maganin, na ɗauki wani ma'aikacinsu a babur muka kama hanyar Kiyawa. Kafin mu isa ƙannena sun riga sun binne karen a bayan garke.

Baffa ya kwana uku bai fita ba. A na huɗu ƙanena ya miƙa hannu zai kama masa sanda, ya fizge abarsa, ya koma zaure ya zauna. Daga nan sai dai ya tambayi masu shigowa ko saniya kaza ta haihu. Ya riƙa cewa kwana ne ya ƙare, tunda an yi wa karen duk abin da ake yi. Wannan magana ita ta fi ci mini rai. Na jure ta har ƙarshen damina, sannan wata Juma'a bayan an sauko na zauna gabansa na faɗa masa komai: takardar, bencin, mutanen masallaci, da yadda na wuce.

Ya yi ta murza kan sandarsa. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

"Da ka gaya mini," ya ce a hankali, "ai da an ɗora ni a mota na je da kaina. Ni ba na jin kunyarsa."

Ya rayu shekara huɗu bayan wannan, bai sake taka garke ba.