Akushin tarihi

Jama'a, yau na ga ƙarshen iyayi! Ku tsaya ku ji.

Kun san Sagir, ɗan kawuna da ke Abuja? Ya zo Gusau, wai sai na kai shi wuraren tarihi. Na kai shi Dutsen Kwatarkwashi. Ko rabi bai hau ba ya zauna yana haki, amma hoto ya fi a ƙirga!

Da muka dawo na ce mu shiga gidan abinci mai sanyi. Ya ce a'a, shi na gargajiya yake so. To, muka je rumfar wata Inna mai tuwo.

Muna zama ya hango wani tsohon akushi a gindin bango, baƙi ƙirin. Ya zabura! "Kai! Wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi! Ku mutanen nan ba ku san darajar kayanku ba."

Na ce, "Sagir, aje shi."

Ya ce, "Kai me ka sani?"

Inna tana can bayan rumfa. Ya ɗauraye akushin da kansa, ya juye tuwonsa ciki, yana ci yana bidiyo, wai haka kakanninmu ke yi.

Sai ga Inna ta fito. Ta saki salati!

"Ɗana, mi ya kai ka? Wanga na akuyata ne, dussa nika zuba mata!"

Wallahi ba ta rufe baki ba sai ga mai akushin ta shigo. Ta tura kai ciki, shi kuma hannunsa na ciki!

Kuma bidiyon kai tsaye yake yi. Duk Abuja sun gani!