Tantabarun Baba a Bangon Ɗaki

Ranar da likita ya ce ƙurar tantabaru ce ta ci huhun Baba, ni na yi masa rakiya asibiti, kuma ni na ga yadda ya kalli likitan kamar ya zage shi. Likita ya ce ko gashinsu ɗaya kada ya sake shaƙa. Ba zai je wurinsu ba, ba za a kawo su wurinsa ba. Muka dawo gida a unguwar Sahafa, cikin Khartum.

Tun yana leburan auduga a gonakin Jazira yake kiwon tantabaru. Da ya dawo Khartum, kafin ya yi wa kansa ɗakin kirki sai da ya gina musu hasumiyar ƙasa a ƙarshen tsakar gida, bayan rumfa. Ya san kowacce da idonta, da tafiyarta, da wadda take wa kishi. Mu 'ya'yansa kuwa yakan kira wannan da sunan wancan. Na sha yi masa gori a kan haka, ya yi dariya ya ce ai su suna amsawa da wuri.

Muka mayar da shi ɗakin gaba, mafi nisa da hasumiya, muka rufe taga. Ni na karɓi ba tantabarun dawa da ruwa, ina sauya tufafi kafin in shiga wurinsa. Da farko yakan tambaye ni labarinsu. Daga baya ya daina. Wata rana na kai masa kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, ya ture kwanon ya ce, “Kun sayar da su. Ba na jin kukansu.”

Na ce, “Haba Baba! Fanka ce da nisa suka hana ka ji.”

Ya juya fuska bango. Daga ranar sai shayi kawai, shi ma kurɓa biyu. Mutum yana narkewa a gabana, ina gani. Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da ke sa mutum faɗa da kowa. Na yi faɗa da yayana, na yi da matarsa, har mai kawo mana burodi bai tsira ba.

Na ɗauki bidiyon tantabarun a waya na nuna masa. Ya ce na bara ne. To me zan ce? Sai yayana ya kawo shawara: a kafa waya a gaban hasumiya, hoton ya riƙa fitowa nan take a talabijin ɗin da ke bangon ɗakin Baba, shi kuma ya yi magana ta wata wayar. Muka gwada da la'asar. Abin da ya fito, Allah ya sawwaƙe. Wasu dunƙule-dunƙule masu toka-toka, su motsa, su daskare, su sake motsi. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Waɗannan ko kajin maƙwabta ne aka nuna min, ba zan gane ba.” Na fita na zauna bayan tuluna na yi kukana.

Washegari na hau mota daga kasuwar Suk Sha'abi na haye gada zuwa Umdurman, wurin 'yar goggona mai shagon gyaran wayoyi. Ita bakinta ya fi nawa kaifi, rabin maganarta Hausa rabi Larabci. Na ce mata intanet ɗinmu ne ba shi da ƙarfi, a ƙaro mana.

Ta ce, “Ke, hoton nan ba gari zai fita ba, ba ruwansa da ƙarfin intanet. Daga waya zuwa akwatin wayfai ne, daga nan zuwa talabijin, duk cikin gidanku. Ina kuka ajiye akwatin?”

Na ce yana inda ake ajiye duk abu mai daraja. Duk wanda ya zauna a Khartum ya san habub, guguwar nan da ke tasowa ja wur ta cika maka har cikin haƙora da ƙasa. Saboda ita, komai na lantarki a gidanmu a lulluɓe yake. Shi akwatin wayfai matar yayana ta ɗinka masa riga, muka sa shi cikin kabad ɗin ƙarfe a falon baƙi, muka rufe. Tsakaninsa da hasumiya kuwa akwai bango biyu na jan bulo, da jerin tulunan ruwa, da kwanon rumfa.

'Yar goggona ta riƙe baki. “Kun binne shi da rai, sannan kuna so ya yi magana? Su waye ke da lambar sirrin?”

Na fara lissafa mata gidajen layinmu. Ta ɗaga hannu ta ce ya isa. A unguwarmu ba a hana maƙwabci ruwa, ba a hana shi garwashi, to ta yaya za a hana shi lambar wayfai? Ko tambaya ba a yi, yara ke kai wa juna.

Ta rufe shago ta biyo ni da naɗin wayar kebul mai kauri a kafaɗa da wani tsohon akwatin wayfai a leda. Ta ciro namu daga kabad, ta tuɓe masa riga, matar yayana tana salati, ta rataye shi can sama a bangon baranda. Ta ja waya daga shi zuwa bayan talabijin ɗin Baba, ta ce duk abin da ba ya yawo a ɗaure shi da waya, a bar wa masu yawo iska. Ta ja wata doguwa ta bi bango, ta ƙarƙashin rumfa, har gindin hasumiya, ta kafa tsohon akwatin a can cikin inuwa. Ta nuna min cewa akwatin hanya biyu gare shi: ɗaya mai zuwa nesa amma kowa a kanta yake, ɗaya gajera mai faɗi. Ta ɗora wayata a kan gajerar.

Hoton ya gyaru, amma yana ɗan tsayawa. Ta ce wayoyin maƙwabta ne suka cika hanya, a sauya lambar sirri, magana ta ƙare. Yayana ya ce ba zai iya haɗa ido da mutane a masallaci ba. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, na yafa mayafi na bi layin gida-gida. Ban roƙi kowa ba. Cewa na yi, Baba ba ya cin abinci, gobe da la'asar kowa ya sauka daga wayfai ɗinmu.

Ban zaci za su zo ba. Amma bayan sallar la'asar sai ga su, maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a baranda, kowa da wayarsa a kife a cinya. Wata tsohuwa da ko wayar shafawa ba ta da ita, ta kashe 'yar ƙaramar tata, wai kada a ce ita ce ta tare hanya.

'Yar goggona ta tafi wurin hasumiya da wayata da kwanon dawa. Ni na zauna a bakin gadon Baba na kunna talabijin.

Subhanallah. Ban san yadda zan faɗa ba. Watanni ina ba tsuntsayen nan abinci da hannuna, ashe ban taɓa ganinsu ba. Wata fara ta cika bangon, girmanta ya kai na rago. Ga zoben lemo a idonta, ga 'yar fatar da ke rufe idon ta buɗe, ga ƙwayar dawa a bakinta da ɗan tsagin da ke jikin ƙwayar. Wani namiji ya juya wuya, kore ya koma shuɗi, shuɗi ya koma ja-ja, kowane gashi a jere a kan ɗan'uwansa. Duk wannan yana ratsa iskar tsakar gidanmu, ta saman tuluna da igiyar shanya, ba mai ganinsa, ya zo ya sauka a bango. Na rasa wanne zan yi wa mamaki, wanda ya halicci gashin ko hanyar da ta kawo shi.

Baba ya dogara da gwiwar hannu ya tashi zaune, ba wanda ya taimaka masa.

Ya ce, “Matsa hagu, 'yata.” Hoton ya matsa nan take. “Ga gurguwar nan. Wa ya bar mata ƙafa da datti haka? Waccan ta yi ƙwai, dubi ƙirjinta.” Ya juyo ya harare ni. “Kina cika musu dawa. Sun yi ƙiba kamar matan attajirai.”

Na ce, “To Baba, na bara ne?”

Sai ya miƙo hannu. Ya karɓi ɗaya wayar da ke hannuna ya kai baki, ya yi kiran nan nasa da harshe, wanda muka tashi muna ji kowace safiya. Numfashinsa bai kai ba, ya tsaya ya yi tari, ya sake.

A bangon, dukkansu suka daina ci. Suka ɗaga kai. Sai fuka-fukai ta ko'ina, muka ji 'yar goggona tana ihu, “Ya Allah! Sun hau ni!” Suka rufe wayar, suna tura baki, suna leƙen ƙaramin ramin da muryar ke fitowa. Gurguwar ta ture sauran ta kawo idonta daf da gilashi, ido ɗaya ya cika bangon ɗakin, yana nemansa.

Baba ya miƙa hannu wajen talabijin, ya tsayar da shi a iska. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Matan da ke leƙe ta ƙofa ba wadda ta yi motsi.

Can tsuntsayen suka gaji da nema, suka koma kan dawarsu ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon yadda suke ci. Sannan, bai ko waiwayo ba, ya ce min, “Ke, za ki bar ni in zauna ina kallonsu da baki a bushe? Ina kisrar nan?”