Mai Leda da Kujerar da Ba Ta Komawa Baya

A layin masu gyaran mota ana kiransa Mai Leda, kuma bai taɓa cewa sunan bai dace da shi ba. Shagonsa ɗaki ne mai taga ɗaya, da tebur, da fitila mai dogon wuya. Ba ya taɓa inji, ba ya shiga ƙarƙashin mota. Abu biyu ya tsare tun yana saurayi: makunnin kujerar da ke tafiya da lantarki, da mitar da ke ƙirga tafiyar tsofaffin motocin dizal.

Cikin makunnin akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da ba su kai ƙwayar gero ba, kowanne a kan sifirin. Wanda ya buɗe shi a fili zai wuni a durƙushe yana lalube. Shi kuwa cikin farar leda yake zura hannuwansa ya buɗe, duk abin da ya yi tsalle ya faɗo masa a ciki. Yakan ce tun da ya fara aikin ƙwallo bai taɓa ɓace masa ba. Yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba.

Da mijin yayarsa ya rasu, ya bar mata mota da 'ya'ya. Marigayin dogo ne, kujerar direba kuma ta maƙale can baya inda ya barta. Yaya ta iya tuƙi, amma ko ta miƙe ƙafa har ta zame, yatsunta ba sa kaiwa birki. Sai ƙanin marigayin, mutum mai tsawo da tumbi da tausayi, ya ce zai riƙe mata motar. Ba don kansa ba, in ji shi, don kada batir ya mutu. Kuma ba zai je ko'ina da ita ba. Mitar ta daɗe da tsayawa, saboda haka babu mai ƙaryata shi.

Wata safiya suka zo shagon tare, shi a sitiyari, ita a gefe.

"Auta, duba min kujerar nan," in ji Yaya. "Idan ba ta gyaruwa, na haƙura na bar masa."

"Ba ta gyaruwa, matar yayana," ƙanin mijin ya ce. "Na kai ta wurin masana."

"Allah Ya saka wa masana," in ji Mai Leda. "Yallaɓai, ɗan fito ka sha iska."

Ya fara da mitar, wadda ba a ce ya taɓa ba. Ya zare ta, ya nuna musu wata 'yar ƙafar roba mai haƙora, biyu sun karye, sauran sun yi laushi kamar sabulu. Ya sa sabuwa.

"Wa ya sa ka wannan?" ƙanin mijin ya tambaya.

"Kyauta ce. Yanzu duk inda ba ka je ba, za ta shaida."

Sannan ya ciro makunnin kujerar, ya zura shi cikin ledarsa ya buɗe. Ya goge datti da tsohon buroshin haƙori, ya kankare baƙin da ya toshe wuta, ya mayar da komai. Ya ce Yaya ta zauna ta danna. Kujerar ta yi gurnani kamar an tashe ta daga barci, ta taho gaba a hankali har ƙafar Yaya ta zauna daram a kan birki.

"To, madalla," in ji ƙanin mijin. "Fito in mayar da ku gida."

Ta fito. Ya sunkuya ya danna baya. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi. Ya gwada shiga a haka, gwiwa ɗaya ta shiga, tumbin ya gaisa da sitiyari, hon ya yi ƙara, sauran jikin ya tsaya a waje.

"Malam, ba ta komawa."

Mai Leda ya ɗaga ledar ya duba ta a hasken taga, ya girgiza kai.

"Ƙwallo ɗaya ya ɓace. Na baya ne."

"Kai da kake cika baki ba ka taɓa ɓatarwa ba?"

"Tsufa ne, Yallaɓai. Zan sa ido. Irinsu wuyar samu gare su."

Yaya ta dubi ƙaninta, ta dubi aljihun rigarsa. Ta karɓi makulli ta tayar da injin, ya kama kakkaɓi irin na dizal. Ƙanin mijin ya zagaya ya shiga baya, inda akwai wurin ƙafa sosai. Kafin su fita daga layin, lambar ƙarshe ta mitar ta fara juyawa.

Har yau kujerar tana gaba. Mai Leda yana nan a shagonsa, kuma idan sabon mai mota ya zo, yakan gaya masa ƙwallo bai taɓa ɓace masa ba.