Tayoyin Zuwa Tungar Aduwa

Ɗayyabu direban akori-kura ne, shekara goma sha tara yana jigilar albasa daga ƙauyuka zuwa kasuwar Sakkwato. Warin albasa ya kama shi har ya zama nasa, ko a sahun masallaci za ka san shi ne a gefenka ba sai ka waiwaya ba. Ba ya son magana, ba ya son danna oda, kuma ban taɓa ganin ya wuce tsohuwa da kaya a ka bai tsaya ba. Ni Jelani, rumfar da nake sayar da taya tana kallon ƙofar gidansa a Tudun Wada, saboda haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Shekara huɗu da suka wuce ƙauyensu, Tungar Aduwa, ya watse saboda rashin kwanciyar hankali, sai ya kawo mahaifiyarsa, Inna Dije, gidansa. Matarsa Rahama ba ta rage ta da komai ba, amma tsohuwar nan ta ƙi zama 'yar birni. Ruwan famfo ba shi da ɗanɗano, geron kasuwa ba ya ƙamshi, kuma a cewarta ko zakaran birni bai iya cara ba. Da hantsi takan fito zaure ta zauna tana kallon motar ɗanta. Gida take so, ba ta ɓoye wa kowa ba, ni kuwa tausayinta yakan hana ni daɗewa idan na je gaishe ta.

Bara bayan kaka aka fara cewa ƙura ta lafa, har wasu sun soma komawa. Abin da ya rage shi ne hanya. Daga inda kwalta ta ƙare akwai rairayi mai zurfi, tafiyar kusan awa biyu a ƙafa, kuma akori-kurar Ɗayyabu ba ta taɓa ratsa shi ba ta kafe ba. Da can a bakin titi yake ajiye ta ya taka. Inna yanzu ba ta iya wannan tafiya, babur kuwa ko daga nesa ba ta so.

Wata Talata da safe ya shigo rumfata ya dafa wata ƙatuwar taya ta babbar jif.

"Malam Jelani, wagga nika so."

"Wagga? Motakka ko ta wani? Kai dai in ka ga babba shi ke nan, ta yi. Ƙidaya ramukan noti na rim ɗinta, sannan ka je ka ƙidaya naka."

Ya ƙidaya, ya ga ba su zo ɗaya ba. Wannan ita ce cutar direbobi, kuma ta ishe ni. Mutum zai ɗaura abin da ya fi ƙarfin motarsa don a ce ta yi kwarjini, kwana uku madigadi, ƙarfen nan da ke saman taya, ya yanke ta, ya dawo yana cewa na sayar masa da ruɓaɓɓiya. Na ce masa daga rim sha biyar za mu hau sha shida, mu tsaya nan, kuma ba zai bar wurin ba sai na gwada da lodi.

Mota ba kaya komai ka ɗaura mata zai zauna daidai. Sai ta ɗauki nauyi sifirin da ke tallafe da bayanta ya kwanta ake gane gaskiya. Don haka nakan kira mutanen da ke zaune a teburin mai shayi su hau baya su zama buhuna. Na tambaye shi buhu nawa zai ɗora.

"Ba albasa ba ta," in ji shi. Ya fara lissafi da yatsu. "Inna. Gadonta. Turmi. Buhun gero biyu. Kwano shidda na gyaran rufi. Akuya, in ta yarda a sai mata."

Na ce mutum bakwai su hau. Suka hau suna dariya, ana gardamar wane ne akuyar. Na sa ya murɗe sitiyari har ƙarshe, na zura hannu tsakanin taya da madigadi. Na farkon da muka gwada sun goga. Muka sauke, muka ɗaura wasu masu faɗi amma ba su kai su tsawo ba, yatsa huɗu suka shige a sake. Na gaya masa za ta ƙara shan mai, za ta yi nauyin tashi, kuma idan ya isa rairayin ya rage musu iska. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan zauren gidansa, inda Inna ta miƙe tsaye tana riƙe da bango don ta gani da kyau.

A makon nan tsohuwa ta koma yarinya. Ta wanke zannuwanta duka, ta aika aka sayo sabulu da gishiri da ashana, tsarabar maƙwabta, tana ƙulla wa kowa nasa tana kiran sunansa. Ɗayyabu ya ce zai fara zuwa shi kaɗai ya gwada hanya.

Ya tafi ranar Asabar da sassafe, ya dawo kafin la'asar. Maimakon ƙofar gidansa, bayan rumfata ya ajiye motar, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Na ɗauka kafewa ya yi, har na fara shirin kare kaina.

"Tayun sun wuce rairayin, ko giya ban sake ba," ya ce. "Har ƙohwar gida nit tahi."

"To mi ya hwaru?"

"Ba kowa, Malam. Waɗanda anka ce sun koma, kwano da ƙyamaren ɗakuna sunka je ciro. Rijiya ta rufta. Ɗakin Inna ciyawa ta kai ni ƙirji. Na yi sallama sau ukku, ni kaɗai, awa mahaukaci."

Sannan ya roƙe ni in raka shi wurin Inna, ya ce ba zai iya fuskantar ta shi kaɗai ba.

Mun tarar da ita a kan tabarma, ƙulle-ƙullenta jere a gefe, har ta yafa mayafi. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"Auta, ƙaƙa hanya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta kahe, Inna. Ban kai ba. Tayun sun yi ƙanana."

Ya juyo ya dube ni. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa yarda an ce na zaɓi taya ba daidai ba, na yi faɗa da manyan mutane a kan haka. Na buɗe baki na ce, "Kuskurena na, Inna. Ban auna da kyau ba. Za a nemo waɗanda sunka hi su."

Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Har yau ban san abin da ta gane ba. Ta cire mayafin ta ninke shi a cinya a hankali.

"Ba komi, Malam Jelani, kowa na kuskure," ta ce. "A nemo manyan. Sai dai ka ɗan hanzarta, don Allah. Ni ba mai jira da yawa ba ta."